Idan Saƙo Ya Goge A Waya: Yadda Za A Maido Da Shi Lafiya

A zagayen da muke yi wurin ƙungiyoyin adashi da na manoma, mun lura cewa waya ta zama littafin ajiya. Shaidar tura kuɗi, sunayen waɗanda suka karɓi taki, ranar taro, duk suna cikin WhatsApp. Kwanakin baya ma'ajiyar wata ƙungiyar mata ta zo mana hankali a tashe. Ɗanta ya ɗauki wayar yana wasa, ya goge hirar da ke ɗauke da shaidar zubin wata uku. Kuɗi na nan, amma shaida babu, har an fara ƙananan maganganu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani.

Ina saƙo yake zama?

Tun shekarar 2016 WhatsApp yake kulle kowane saƙo, ta yadda mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai za su iya karanta shi. Da zarar saƙo ya isa, kamfanin ba ya riƙe shi. Wato saƙonku yana wuri uku ne kawai: cikin wayarku, cikin wayar wanda kuka yi hirar da shi, da kuma cikin kwafin ajiya, in kun kunna shi. Wayar Android tana kai wannan kwafi asusun Google, iPhone kuwa tana kai shi iCloud. Saboda haka duk wanda ya ce zai ciro muku saƙo daga kamfani, ƙarya yake yi.

Matakan da za a bi

1. A fara dubawa. Sau da yawa hirar ba ta goge ba, ta koma cikin hirarrakin da aka adana a gefe ne. A rubuta sunan mutumin a wurin bincike a gani.

2. Idan yanzun nan kuka goge saƙon daga ɓangarenku, akwai maɓallin warwarewa da ke fitowa a ƙasa na daƙiƙa 5. An kawo shi a 2022. A danna shi da sauri.

3. A tambayi abokin hira. Abin da kuka goge a wayarku yana nan a tasa, sai dai in an goge wa kowa ne. Ta haka ma'ajiyar nan ta sami shaidarta: mambobi suka sake turo mata ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ba ta da haɗari.

4. In hakan bai yiwu ba, a shiga saituna, a zaɓi hirarraki, a duba ranar da aka yi ajiyar ƙarshe. Nan ne gizo ke saƙar. Idan an yi ajiyar kafin saƙon ya goge, kuma saƙon ya riga ya shigo a lokacin, za a same shi. Idan bayan gogewar aka yi ta, sabuwar ajiya ta danne tsohuwa. Ajiyar kullum takan gudana ne da misalin ƙarfe 2 na dare, don haka kada a bari a kwana. Kada kuma a danna maɓallin yin ajiya da hannu.

5. Idan ranar ta dace, a cire WhatsApp daga waya, a sake sauke shi daga Play Store ko App Store. A sa lambar waya ta dā, a tabbata asusun Google ko iCloud na dā ne, sannan a amince da maidowa sa'ad da aka tambaya. A yi wannan da isasshen caji da data, kuma layin yana hannu.

Amma a kula: duk saƙon da ya shigo bayan ajiyar ƙarshe zai tafi. A tura wa wani amintacce masu muhimmanci, ko a ɗauki hotonsu, kafin a cire komai. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Abubuwan da za a guje wa

Na farko, lambobi 6 da ake turowa ta saƙon tes lokacin rajista su ne mabuɗin asusunku. Masu damfara sukan kira su ce daga ƙungiyarku suke, za a yi taro ta intanet, ku karanto musu lambar da ta shigo. Wanda ya karanta ya miƙa asusunsa, su kuma su bi 'yan'uwa da abokai suna roƙon kuɗi da sunansa.

Na biyu, manhajojin da ke alkawarin dawo da saƙo. Yawancinsu sukan nemi izinin karanta duk sanarwar da ta shigo wayar, har da ta banki. Ba sa iya dawo da abin da ya goge kafin a saka su. Haka ma jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp: kamfanin yana iya rufe asusun mai amfani da su.

Na uku, in za a kai waya wurin mai gyara, a tsaya a kansa. Kada a bar masa ita a buɗe, kada a ba shi lambar sirri. Kuma wannan ilimi don wayar kanku ne, ba don leƙen asirin miji, mata ko maƙwabci ba.

Rigakafi ya fi magani

A kunna ajiya ta kullum ko ta mako mako. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp tana cin wannan wuri, don haka a cire bidiyo daga cikinta in wuri ya yi kaɗan. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda ya sa wa ajiyarsa kalmar sirri, ya rubuta ta a ɓoye a gida, domin in ta ɓace kamfanin ma ba zai iya buɗewa ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyi kuma, shawararmu ita ce kada waya ta maye gurbin littafi. Duk zubin da ya shigo a rubuta shi a ranar, mutum biyu su sa hannu. A taronku na gaba, ku ware minti 10 kowa ya duba ranar ajiyarsa ta ƙarshe, wanda ya iya ya taimaki wanda bai iya ba.