Dalilan Haramta Na'urorin Kamfanonin Sin a Layukan Wayar Salula, da Matsayin Nijeriya

Matafiyin da ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ta gefen Dutsen Zuma zai ga turakun sadarwa a jere, daga Madalla har cikin Suleja. Na'urorin da kamfanonin waya ke ɗorawa kan irin waɗannan turaku duk daga ƙetare ake shigo da su: ko na Huawei da ZTE na ƙasar Sin, ko na Ericsson na Suwidin da Nokia na Finlan. Kan kamfanoni biyun farko ne ake ta ja-in-ja a duniya.

Ostareliya ta hana su shiga tsarinta na 5G a shekarar 2018. A 2019 Amurka ta sanya Huawei cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita sayar musu da fasaharta, sannan a watan Yulin 2020 Ingila ta umarci a cire na'urorinsa daga 5G kafin ƙarshen 2027. Babbar hujjarsu ita ce dokar leƙen asiri da Sin ta kafa a 2017, wadda ta wajabta wa kamfanonin ƙasar ba hukumomin tsaro haɗin kai. Fargabar ta wuce satar sauraron hira: wanda ke sabunta manhajar na'ura daga nesa, yana iya gurgunta ta ranar da rikici ya ɓarke. Huawei ya sha musanta zargin. Ba a kuma manta ba cewa tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013 ya nuna Amurka ma tana sauraron wayoyin ƙawayenta, don haka gasar ciniki na da kaso mai tsoka cikin lamarin.

Haramcin na da tsada. Majalisar Amurka ta fara ware dala biliyan 1.9 domin ƙananan kamfanoni su sauya na'urori, amma buƙatar ta kai kusan dala biliyan 5. Ingila ta ƙiyasta jinkirin shekara biyu zuwa uku.

Nijeriya dai ba ta bi sahu ba, kuma dalilin na aljihu ne. Kamfanonin Sin kan zo da farashi mai rahusa, wani lokaci har da rance. Aikin kyamarorin tsaro da sadarwar 'yan sanda na dala miliyan 470 da aka ba ZTE a 2010, Bankin Exim na Sin ne ya ranto mafi yawan kuɗinsa, ko da yake daga baya Majalisar Wakilai ta binciki dalilin da ya sa kyamarorin Abuja ba sa aiki. A 2018 bankin ya sake amincewa da rancen dala miliyan 328 domin shimfiɗa layukan sadarwar gwamnati tare da Huawei. Wanda ake bi bashi kuwa, da wuya ya kori kayan mai bin sa.

Ga ɗan kasuwar Suleja da cinikinsa ya rataya kan na'urar POS, lissafin a fili yake. MTN da Mafab sun biya dala miliyan 273.6 kowannensu don lasisin 5G bayan gwanjon Disambar 2021, kuma da dala ake sayo kayan aiki. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Da za a tilasta tsige na'urorin da ke aiki a yau, kuɗin sauyin kan katin mai waya zai sauka.