Furen Yaɗo a Cikin Gida: Wani Ado Ne, Wani Kyan Ɗan Maciji

Da zarar ruwan farko ya taɓa ƙasa a Azare, masu sayar da dashe sukan jera baƙaƙen ledoji a bakin titi: ga mangwaro, ga gwaiba, ga darbejiya, can gefe kuma ga fulawa iri-iri. A 'yan shekarun nan fulawar ta samu kasuwa. Uwargida ta ga hoton wani falo a waya, yaɗo ya nannaɗe taga yana zubo furanni, sai ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da mai saye ya tambayi sunan abin da ya saya, mai sayarwa ya ce, "Fulawa ce, Alhaji, a dai riƙa ba ta ruwa kullum." Amsar nan guda kurakurai biyu ne a cikinta. Ba a faɗi suna ba, alhali wasu daga cikin shukokin nan guba ne. Shawarar ruwan kuma ita ce ke kashe mafi yawansu.

Yaɗo ba baƙonmu ba ne. Daga Madara zuwa Chinade, daga Bulkachuwa har tsohon garin Katagum, babu ƙauyen da ba a ganin duma a kan rufin ɗaki, soso da garafuni a jikin danga. Waɗannan mun san su, mun san na ci, mun san na magani. Sabon abu shi ne ɗauko baƙin iri daga Barazil ko Asiya a kai shi har ƙuryar ɗaki, inda yaro ke rarrafe yana kai duk abin da ya samu baki.

A fara da alamanda, mai manyan furanni rawaya da ganye mai sheƙi. Asalinta Barazil, kuma danginta ɗaya da tumfafiya da kariya. Duk wanda ya taɓa karya reshen tumfafiya ya san farin ruwan da ke tsattsafowa, ya kuma san abin da yake yi wa ido. Ita ma alamanda haka take: ruwanta na sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, wanda ya ci kuwa amai da gudawa ne. Sai yaɗon nan mai ganye kore da ɗishi-ɗishin rawaya, wanda ake tsomawa a kwalbar ruwa a ɗora kan talabijin, masana tsirrai na kiransa Epipremnum. Da wuya ya yi fure, amma shi ya fi kowanne yawa a ɗakuna. A cikin ganyensa akwai ƙananan tsinaye da ido ba ya gani. Idan yaro ya tauna, baki da harshe su yi zafi su kumbura, yawu ya yi ta dalala.

Waɗannan biyun wahala suke bayarwa. Masu kisan kuwa, abin mamaki, ba daga ƙetare suke ba, a dajinmu suke.

Na farko shi ne gatarin kurege, wanda masana ke kira Gloriosa superba. Da damina yake tsirowa, yana kama ciyawa da ƙananan itatuwa da tsinin ganyensa yana hawa, furensa ja da rawaya, a lanƙwashe zuwa sama. Kyansa ya kai har ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke shi a matsayin furen ƙasa, Turawa kuma na sayen saiwarsa su shuka a tukwane. Ba mamaki mutum ya gan shi a hanyar gona ya haƙo ya kawo gida. To, duk jikinsa guba ne, saiwar da 'ya'yan suka fi. Sinadarin da ke ciki, kolcisin, likitoci na ba da ɗan mitsitsinsa ga masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi, amma tazarar da ke tsakanin magani da ajali a wurinsa kaɗan ce ƙwarai. A Indiya da Siri Lanka an sha rasa rayuka saboda mutane sun ɗauki saiwar a matsayin doya ko dankali sun dafa sun ci. Dafuwa ba ta kashe gubar. Bayan 'yan awoyi sai zafin baki da maƙogwaro, amai, gudawa. Wani lokaci maras lafiya kan yi kamar ya samu sauƙi, a ce an shawo kai, ashe ƙoda da ɓargo ne ke lalacewa. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana, gashin kansa kan zube bayan mako ɗaya ko biyu.

Na biyu idon zakara ne, mai 'ya'ya ja wur da ɗigon baƙi. Yara na son su don wasa, 'yan mata na huda su da allura su yi tsakiya. A cikin ƙwayar akwai gubar abrin, wadda har yau ba ta da makari. Ɓawon ƙwayar na da tauri, don haka wadda aka haɗiye ɗungurungum takan fita yadda ta shiga. Amma wadda aka tauna, ko aka huda, ko wadda ba ta ƙosa ba, ƙwaya ɗaya na iya halaka yaro, kuma alamun kan jinkirta har kwana ɗaya ko fiye. Na san masu maganin gargajiya na amfani da ganyensa. Wannan bai wanke ƙwayar ba. A ganina gidan da ke da ƙananan yara ba shi da wata hujja ta barin ɗayan biyun nan, ko a tukunya ko a jikin katanga.

Idan tsautsayi ya gitta, kada a tsaya ɗura wa yaro manja ko madara, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. A cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure da ruwa, a tsinko ganye da fure da 'ya'yan shukar a leda, a nufi asibiti nan take ko da yaron na wasansa. Azare na da asibitin Gwamnatin Tarayya, na nesa kuma su fara da asibitin da ya fi kusa. Ganyen da aka riƙo yana rage wa likita lalube. In farin ruwan ne ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kamar minti 15 kafin a kama hanya.

Wanda ya zaɓi iri maras haɗari, sauran aikinsa haske ne da ruwa.

Gaskiyar da masu sayarwa ba sa faɗa ita ce yawancin ɗakunanmu sun yi wa fure duhu. Mun gina su ne don gudun rana: ƙaramar taga, raga, labule mai kauri. Idon mutum na sabawa da wannan ya ga kamar da haske, shuka ba ta sabawa. Sai ta yi ta miƙa siririn reshe wajen taga, ganye ya yi nesa da ganye, fure kuwa ko ɗaya. Boganbiliya, wadda ake gani ja da ruwan hoda a katangun ma'aikatu, tana bukatar rana tsagwaronta na awa biyar zuwa shida a yini. Faransawan da suka zaga duniya ƙarƙashin Bougainville tsakanin 1766 da 1769 suka gan ta a Barazil, aka laƙaba mata sunansa. Abin da ke ɗaukar ido a jikinta ma ba fure ba ne, ganye ne mai launi, furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Wurinta tsakar gida ko baranda, nesa da hanyar yara saboda ƙaya. Yasmin mai ƙamshin dare ma baranda ya fi so. Wadda ta fi jure zaman ɗaki ita ce hoya, mai kaurin ganye da curin furanni masu kama da na roba, 'yar Asiya da Ostireliya. A dazuzzukan can a jikin itatuwa take rayuwa, ƙarƙashin inuwa mai haske, shi ya sa gefen taga ke isar ta. Ga wani sirri nata: idan furen ya bushe ya zube, kada a yanke ɗan guntun karan da ya fito a kai, nan ne sabon fure zai sake fitowa baɗi.

Ana yawan karanta shawarar cewa a ajiye shuka a tagar kudu. Wannan na mutanen Ingila ne da makamantansu, inda rana ke kwance ta kudu shekara zagaye. Azare na tsakanin digiri 11 da 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsakar rana, da hunturu kuma ta koma kudu. Tagar gabas ce ba ta da rigima: hantsi ya shigo, kafin azahar inuwa ta sauka. Tagar yamma da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana iya ƙona ganye cikin yini ɗaya, balle idan rufin kwano ne babu silin.

Batun ruwa shi ne ya fi wuyar fahimtarwa, domin mutumin da ya tashi a ƙasa mai yashi ƙishirwa ya sani a matsayin abokiyar gabar shuka. A gona ruwa na tsanewa ya wuce. A bokitin fenti da ba a huda gindinsa ba, ba shi da wurin zuwa. Saiwa na numfashi, idan ta kwana biyu a caɓi sai ta ruɓe. Ganye ya yi rawaya ya yi yaushi, mai shi ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Ma'aunin na hannu ne: a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in da danshi a bari sai gobe. In ta bushe a zuba sosai har ya ɗigo ta ƙasa. Da bazara tukunyar baranda na iya neman ruwa kullum, da sanyin Disamba da Janairu ta ɗaki na iya yin mako ba ta nema ba. Boganbiliya ma sai ta ɗan ji ƙishi take fure, shi ya sa ta fi kyau da rani.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana tsatsafar da ruwa tana sanyaya saiwa, amma ita ma a huda ta. A haɗa ƙasar lambu da yashi da takin shanu da ya riga ya ruɓe ya huce, a ƙara buntun shinkafa da ɗan dakakken gawayi don iska ta samu hanya. Buntu ba ya wuya a ƙasar da ke noman shinkafa a fadamun kogin Jama'are. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Yuriya kuma ganye take sawa, ba fure ba. Ruwan wanki mai omo ba na shuka ba ne, na alwala kuwa ba shi da aibi. Ruwan tankin sama da ya sha rana a bar shi ya huce. Idan aka ga farin gishiri-gishiri na taruwa a bakin tukunya, daga ruwan burtsatse ne ko yawan takin zamani, sai a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar. Wanda ya tari ruwan sama ya fi kowa dacewa.

Farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya da kwalbar da ake tsoma yaɗo a ciki suna da nasu haɗarin. Akwai sauro baƙi mai zanen fari a ƙafafu wanda ba ya neman kududdufi, ɗan ruwa mai tsabta a cikin mazubi ya ishe shi. Shi ke yaɗa zazzaɓin shawara da na dengi, kuma da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kacal, ƙwan kuma na iya manne a jikin mazubi ya yi watanni a bushe yana jiran ruwa. Ba labarin nesa ba ne: a 2019 shawara ta ɓarke a jihar nan ta Bauchi daga yankin Yankari a Alkaleri, a ƙarshen 2023 kuma aka tabbatar da dengi a Sakkwato. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, a goge farantin da soso duk mako, ko a cika shi da yashi.

Hunturu kan zo da ƙura da bushewar iska. A riƙa goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma leƙa bayansa, domin nan ƙwari ke ɓuya: darɓa, da wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, da wasu jajaye ƙanana masu saƙa siririyar yana. A nan ne wasu ke ɗauko Sniper ko fiya-fiya su fesa a ɗakin da za a kwana. Sinadarin DDVP da ke cikinsu na gona ne, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Babu furen da ya kai a shaƙa wa jariri wannan. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya ya wadatar, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace. A fitar da tukunyar waje, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako.

Masu cewa shuka na tace iskar ɗaki suna jingina ne da wani gwaji da hukumar NASA ta Amurka ta yi a 1989 a cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel suka sake auna lamarin, suka ga sai an tara shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da shigar iska daga waje ke yi. Masu tsoron cewa tana shanye iskar mai barci da dare su ma su kwantar da hankali, abin da take shaƙa bai kai na mage ba. Abin da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki kaskon gawayi ne da hayaƙin janareta.

Idan yaɗon ya yi ƙarfi aka mayar da shi tsakar gida, a kafa masa sanda ko a ɗaura waya, kada a bar shi ya kama katangar ƙasa, domin ban-ruwan yau da gobe na jiƙa gindinta, danshin kuma na kiran gara. A rage masa rassa kafin damina, a ɗaga na ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga, a kuma riƙa gusar da tukwane lokaci-lokaci da sanda ba da hannu ba, saboda kunama na son sanyin ƙarƙashinsu. Rassan alamanda da aka sassabe a binne su ko a kai su inda awaki ba sa kaiwa.