Mai Rufe Wasa: Sana'ar Mai Jifan Karɓa a Besbol

Besbol wasa ne na jifa da duka da gudu wanda ya kafu a Amurka a ƙarni na 19, daga nan ya yaɗu zuwa Japan da Koriya ta Kudu da Kuba da Panama da wasu ƙasashen yankin Karibiyan, inda yake da farin jini irin wanda ƙwallon ƙafa yake da shi a ƙasar Hausa. A Nijeriya kuwa bai yi jijiya ba, ko da yake an fafata a cikinsa a Wasannin Afirka na 2003 a Abuja, inda Afirka ta Kudu ta ɗauki zinare. Duk da haka, akwai wata sana'a a cikin wannan wasa da ta cancanci a yi wa mai karatu bayaninta, domin ita ce sana'ar da ake auna mutum a kan 'yan mintuna kaɗan, alhali ya shafe shekaru yana shiri dominsu. Wannan ita ce sana'ar mai jifan karɓa, wato ɗan wasan da ake kira ya karɓi jifa daga hannun wanda ya fara idan ya gaji ko al'amura suka dagule.

Kowace ƙungiya tana da mutum tara a fili, ana kuma raba wasa zuwa zagaye tara, inda a kowane zagaye ƙungiya ɗaya take duka ɗayar tana tsaro, sannan su yi musanya. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu da ke tsakiyar fili, tazarar mita 18.44 daga mai riƙe da kulki, ya wurga ƙwallo zuwa ga abokin wasansa mai cafewa, shi kuwa mai kulki burinsa ya doki ƙwallon ya zagaya sansanoni huɗu ya ci maki. Idan masu tsaro suka fitar da masu duka uku, rabin zagayen ya ƙare. Babu ƙayyadadden lokacin tashi, saboda haka ƙungiyar da ke gaba ba ta da damar ɓata lokaci har a hura usur, dole sai ta fitar da mutum na ƙarshe kafin nasara ta tabbata. Haka kuma duk ɗan wasan da aka cire ba ya sake shiga wasan ranar, abin da ya sa sauya mai jifa ya zama shawara mai nauyi ga koci.

A zamanin farko ana sa ran wanda ya fara jifa shi zai ƙare, wanda ake kira ya karɓa kuwa galibi tsoho ne da ƙarfinsa ya ragu ko yaron da ba a amince masa ba tukuna. Amma jifan da ke wuce gudun kilomita 150 a sa'a yana cin kafaɗa da gwiwar hannu, kuma a babbar gasar Amurka kowace ƙungiya cikin 30 tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, don haka a yau mai farawa yakan yi jifa kusan 100 ne a cire shi, ya huta kwana huɗu kafin ya sake fitowa. Firpo Marberry na ƙungiyar Washington Senators yana cikin na farko da suka yi suna a wannan aiki a shekarun 1920, sai Hoyt Wilhelm, wanda a 1985 ya zama mai jifan karɓa na farko da aka shigar zauren girmama gwanayen besbol da ke Cooperstown. Wani ɗan jarida na Chicago, Jerome Holtzman, shi ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira ceto, wanda hukumar gasar ta amince da shi a 1969. A mafi yawan lokuta ana rubuta wa ɗan wasa ceto ne idan ya shiga ƙungiyarsa tana gaba da maki uku ko ƙasa da haka, ya yi jifan aƙalla zagaye ɗaya, ya kuma ƙare wasan ba tare da an kamo su ba.

Daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da koci Tony La Russa na Oakland ya keɓe wa Dennis Eckersley zagaye na tara kusan shi kaɗai, aikin ya rabu kashi-kashi: akwai mai cike giɓin tsakiya, akwai mai share fage a zagaye na takwas, sannan akwai mai rufewa, wanda shi ne babba a cikinsu. Wanda ya saba da dandalin kokawa na bayan kaka a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo zai gane wannan tsari, domin a can ma yara ne suke buɗe fage, gwanin gari kuwa yana zaune a gefe har sai lokacin da mutuncin gari ya rataya a kan karo ɗaya. Mai rufewa yakan wuni a keɓaɓɓen wurin ɗumama hannu da ke gefen fili, bai san ko za a kira shi ba, idan kuma an kira shi, jifa goma sha biyar ko ashirin sun isa su ɗaga shi ko su kunyata shi a gaban dubban 'yan kallo.

Babu wanda ya kai Mariano Rivera a wannan sana'a. An haife shi a 1969 a Panama, ya tashi a ƙauyen masunta na Puerto Caimito, inda mahaifinsa yake tuƙa jirgin kamun kifi, shi ma ya yi wannan aiki bayan makaranta, yana buga besbol da safar hannu ta kwali a bakin teku. Ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke shi a 1990 a kan kuɗi ƙalilan, aka yi masa aikin tiyata a gwiwar hannu a 1992, bai kuma shiga babbar gasa ba sai a 1995, a matsayin mai farawa, inda bai yi wani abin a zo a gani ba. Da aka mayar da shi mai karɓa, sai baiwarsa ta bayyana: a 1996 ya share wa John Wetteland fage, a 1997 ya gaje shi a matsayin mai rufewa. A wannan shekarar ne ya gano wani irin jifa mai sauri wanda yake karkacewa kaɗan daf da isarsa ga mai duka, ta yadda ƙwallon yake samun kulki a siririn wuri kusa da hannu, sau da yawa ma ya karya shi. Abin mamakin shi ne kowa ya san da wannan jifa zai zo, shi ma bai ɓoye ba, amma ya shafe fiye da shekara goma sha biyar abokan hamayya ba su gano maganinsa ba.

Ya yi kaka 19 a ƙungiya ɗaya, ya tara ceto 652, adadin da babu wanda ya kai, mai bi masa kuwa shi ne Trevor Hoffman da 601. Ya ci kofin ƙarshe na gasar sau biyar, a 1996 da 1998 da 1999 da 2000 da 2009. Sai dai tarihinsa bai rasa tabo ba, domin a wasa na bakwai na ƙarshen gasar 2001, shi ne a kan tudu lokacin da Arizona Diamondbacks ta farke ta kuma ƙwace kofin a zagaye na tara. Abin da masana wasan suke jinjina masa a kai shi ne wannan faɗuwa ba ta bi shi zuwa kakar da ta biyo baya ba, kamar yadda tsinkewar jijiyar gwiwar ƙafarsa a 2012 ba ta hana shi dawowa ya kammala da kyau a 2013 ba. A 2019 dukan masu zaɓe 425 suka jefa masa ƙuri'ar shiga zauren Cooperstown, shi ne na farko da ya samu haka ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba.

Rayuwar yawancin masu wannan sana'a ba ta kama da ta Rivera ba. Da yawa sukan shafe shekaru a ƙananan gasanni a kan albashi kaɗan, a kira su babbar ƙungiya yau a mayar da su gobe, saboda koci yana neman hannun da bai gaji ba ne a kowane mako. Jijiyar gwiwar hannu takan tsinke, kuma tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda ake dasa wata jijiyar a madadin wadda ta lalace, takan raba mutum da fili fiye da shekara guda. Tayler Scott, haifaffen Johannesburg, wanda a 2019 ya zama mai jifa na farko daga Afirka ta Kudu da ya buga a babbar gasar, misali ne na wannan yawo: ya fara a Seattle, ya koma Baltimore a shekarar, ya tafi Hiroshima a Japan, ya ratsa wasu ƙungiyoyin kafin ya yi kaka mai kyau a Houston a 2024. A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan kaɗan da suka yi arziki, irin su Edwin Díaz, wanda New York Mets ta ba kwantiragin dala miliyan 102 na shekara biyar a 2022.

Ƙarfin hannu shi yake kai mutum wannan matsayi, kamar yadda Aroldis Chapman ɗan Kuba ya nuna a 2010 da jifan da ya kai kusan kilomita 170 a sa'a, amma ƙarfi shi kaɗai ba ya zaunar da kowa a wurin. Waɗanda suka daɗe su ne waɗanda suka ƙware a abu ɗaya har ya zama ba su kuskure shi, suka kiyaye lafiyar jikinsu, suka kuma iya fitowa washegarin ranar da aka ci su da zuciyar da ba ta girgiza ba. Matashin da ke neman ɗaukaka a kowane irin wasa, daga dandalin Wurno har zuwa filayen New York, waɗannan abubuwa uku ne ya kamata ya fara nema wa kansa.