Telan Koset a Sakkwato da Tsohuwar Tufa

Wanda bai san sana'ar ba sai ya ɗauka koset ɗinki ne kamar kowane ɗinki. Masu yin sa a Sakkwato, mata a cikin gidaje da samari a shagunan bakin titi, gini suke ɗaukar sa. Falle-falle ake yanka shi, shida ko takwas ko fiye, kowane falle da irin tasa lanƙwasar. A manna gam a goge da dutsen guga, a ɗinka siraran hanyoyi a zura bonin na roba ko na ƙarfe, a kafa kof, a huda ƙofofi a baya a zura igiya. Kuskuren rabin inci a ƙugu ya isa ya hana amarya zama ranar kamu. Shi ya sa gwanar tela ba ta karɓar awo ta waya. Sai ta ga mai riga, ta ce, "Ƙanwata, saki cikinki, bar riƙe numfashi, ranar biki za ki ci abinci."

Babbar matsalar ita ce yadi. Leshi da shifon ba su da ƙashi, sai an yi musu shafi ninki biyu ko uku kafin su tsaya, ga zafin Sakkwato da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Koset tufa mai tauri yake so, wadda za ta riƙe kanta.

A nan ne labarin Japan ya shigo. Matan ƙasar na ɗaure kimono da wata ɗamara ta siliki mai suna obi, faɗinta kusan santimita 30, tsawonta ya kai mita 4. Mafi daraja a unguwar Nishijin ta birnin Kyoto ake saƙa su, wasu har da zaren zinariya. Yanzu da kimono ya koma tufar bukukuwa, tsofaffin obi sun taru a akwatuna, teloli a Turai da Amurka na saye suna yanka koset da su. Dalili a fili yake: tufa ce siririya, mai nauyi, mai tauri, faɗinta daidai fallen koset.

Mu ma muna da irin wannan, ba mu dai cika buɗe adakar kakanni ba ne. Masaƙanmu ƙwarya-ƙwarya suke saƙa, siririya doguwa, sannan a harhaɗa ta zama zane ko riga. Akwai saƙi, akwai barage, akwai tsamiya, silikinmu na daji da ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa da toka a kaɗa shi zare mai ruwan ƙasa. Akwai kuma alharini, jan silikin da a da fatake suke ketowa da shi hamada daga Tarabulus ta Gadamas. Bajamushen nan Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya zo Sakkwato a 1853, ya lissafa shi cikin manyan hajojin da ke zuwa daga arewa. A zamanin Daular Usmaniyya da irin waɗannan zaruruwa ake yi wa manyan riguna aiki, aska biyu da aska takwas, sarakuna na bayar da su kyauta, ana naɗa sarauta da su.

Idan amarya ta zo da tsohon ashoke ko zanen saƙin mahaifiyarta, aikin tela ya sauya. Sabon yadi in ya ɓaci, a koma kasuwa, ko a aika Kantin Kwari a Kano. Wannan kuwa ba shi da na biyu. Tela za ta ɗaga shi a rana ta nemi inda asu ya ci da inda ninki ya karya zare. Za ta fara gwada yankan a kan wani yadi mai araha. Za ta daidaita zanen ƙwarya ta yadda layin dama zai haɗu da na hagu a tsakiyar ƙirji, wannan kuwa shi ke raba gwana da 'yar koyo. Tufar hannu tana warwarewa da zarar almakashi ya taɓa ta, don haka sai an bi bakin kowane falle da ɗinki kafin a haɗa.

Sana'ar na shan suka, malamai da iyaye na cewa ɗinkin ya matse da yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Teloli da dama sun sami mafita: dogon hannu, rufaffen wuya, babban mayafi, ko a ɓoye ginin a ciki ta yadda riga za ta tsaya ba tare da ta fitar da sura ba.

Ni damuwata daban ce. Zanen da ya yage, ko ƙwaryar da ta rabu da 'yan uwanta, a yanka, gara a gan shi a jikin jika da ya ƙare a cikin asu. Amma tsohuwar riga mai aikin tsamiya, wadda wani ya kwashe watanni a zaure yana yi mata aiki da allura, ba ta almakashi ba ce, ko da dillaliya ta kawo ta da arha. Irin wannan a bar ta a gida a ci gaba da shanya ta, in kuwa ba mai kula da ita, a kai ta cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.