Haki da kumburin ƙafa: Yadda ake gano zuciyar da ta gaza a unguwar Sabo ta Ibadan

Tsakanin Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa fataken goro da shanu tun 1916, da Asibitin Koyarwa na UCH da aka buɗe a 1957, tafiya ce ta 'yan mintoci ta Mokola. Amma mai haki kan shafe watanni kafin ya yi ta. Da fari a ce fuka ce, a sayo maganin shaƙa a kemis. In ƙafa ta kumbura a ce sanyi ne.

Binciken likita yana farawa ne da tambaya, kuma a nan ake samun rabin amsar. Matashin kai nawa majinyaci ke jerawa kafin barci ya ɗauke shi? Yana farkawa tsakar dare yana neman iska? Numfashi yana sarƙe masa in ya yi ruku'u? Daga nan a duba jijiyar wuya ko ta cika ta tashi, a danna ƙwauri a ga ko yatsa zai bar rami, a saurari ƙasan huhu ko ruwa ya taru.

Sai gwajin jini na NT-proBNP, sinadarin da zuciya ke fitarwa idan ta takura. Ga wanda ba a halin gaggawa yake ba, sakamakon da bai kai 125 ba yana nuna da wuya a ce zuciya ce. Sai dai tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga adadin, ƙiba kuma tana sauke shi, don haka takardar ɗakin gwaji ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Hoton eko ne ke nuna yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu; kashi 40 cikin 100 ko ƙasa da haka alama ce ta raunin tsokarta.

Hawan jinin jijiyoyin huhu ya fi wuyar sha'ani, domin na'urar da ake ɗaurawa a dantse ba ta ganinsa sam. Eko kintace yake yi. Tabbaci sai an zura siririn bututu zuwa ɓangaren dama na zuciya, kuma tun 2022 ƙa'idar likitocin Turai ta sauke ma'aunin daga 25 zuwa abin da ya haura 20. Binciken PAPUCO, wanda Nijeriya ke ciki, ya nuna a 2016 cewa kusan biyu bisa uku na masu wannan cuta a Afirka daga ɓangaren hagu na zuciya ta samo asali. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: maganin buɗe jijiyoyin huhu irin su sildenafil kan iya ƙara dagula irin waɗannan majinyata. Saura kuma sai a bincika sikila, tabon tarin fuka da cutar ƙanjamau.

Mai jego tana da nata babin. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka danganta gazawar zuciyar masu jego a Zariya da kunun kanwa da wankan ruwan zafi, Farfesa Kamilu Karaye na Kano kuma ya faɗaɗa binciken zuwa sassan ƙasar. Matar da ke haki kafin ko bayan arba'in, eko take buƙata.

Ma'aikacin tarayya da ke ƙarƙashin inshorar NHIA ya sani cewa ganin likitan zuciya yana buƙatar takardar turawa daga asibitin da ya yi rajista, tare da lambar amincewa daga kamfanin inshorarsa.