DFT ko CCSD(T): Wanne Ya Dace da Ɗalibin Kemistiri a Kano?

Mazaunin Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi da aka taɓa tura shi hoton MRI a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya amfana da NMR ko da bai san sunanta ba. Da wannan hikimar masana kemistiri ke gane yadda sinadari yake a ƙulle. Cibiyar ƙwayar zarra tana amsa kiran maganaɗisu, amma ilektiron ɗin da ke kewaye da ita suna yi mata garkuwa, sai ƙarfin da ke isa gare ta ya ragu. Girman garkuwar shi ke nuna muhallin kowace zarra. Norman Ramsey ya fitar da ka'idar lissafa shi a 1950, amma aikin bai yi sauƙi a kwamfuta ba sai 1990, da Wolinski, Hinton da Pulay suka gyara dabarar GIAO.

Yau hanyoyi biyu ke gaban mai lissafi. CCSD(T), wadda Jürgen Gauss da John Stanton suka shigo da ita wannan fage a 1996, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran a kai, domin tana bin diddigin yadda ilektiron ke kauce wa juna. Sai dai tsadarta! Ka ninka girman sinadari sau 2, aikin ya ninku kamar sau 128. Kan ƙananan sinadarai ba ta da na biyu, amma da an doshi masu zarra 50 ko 60, irin waɗanda ake tatsowa daga sabara, marke ko maɗaci, sai ta cije.

DFT, wadda ta kai Walter Kohn ga kyautar Nobel a 1998, kintace take yi a wani sashe na lissafin, kuma takan rage wa garkuwar daraja. Abin da ke ceton ta shi ne kuskuren yawanci gefe ɗaya yake karkata, kamar mudun da kowa ya san bai cika ba: in an san gibin, sai a cike. Da ita Scott Rychnovsky ya lissafa alƙaluman kabon na sinadarin hexacyclinol a 2006, ya nuna tsarin da aka wallafa ba daidai ba ne. A shekarar, rukunin John Porco ya haɗa sinadarin a ɗakin gwaji, maganar Rychnovsky ta tabbata.

Ga kuma batun wuta. Lissafin CCSD(T) da zai kwana bakwai yana gudana ba na unguwar da ake ɗauke wuta ba ne.

A ganina, ɗalibin Jami'ar Bayero mai binciken magungunan gargajiya ya riƙe DFT. Manhajar ORCA, mai yin wannan lissafin, kyauta ce ga masu bincike a jami'a. Abu guda, kada ya ɗauki abin da kwamfuta ta fitar a matsayin hujja sai ya jera shi da awon na'ura.