Ƙirƙirarriyar Basira a Makarantun Maiduguri: Malami Ya Kamata a Fara Koya Wa

Ƙirƙirarriyar basira ba ta jira izinin ma'aikatar ilimi ba kafin ta shiga ɗakin malamai. A watan Nuwamban 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, sannan a watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar cikin WhatsApp a Najeriya. Daga nan duk malamin da ke riƙe da babbar waya a Gwange ko Bulumkutu ko Hausari, matuƙar yana da data, zai iya cewa a tsara masa darasin lissafi na aji huɗu, ko a fitar masa da tambayoyin jarrabawa ashirin, kuma kafin shayinsa ya huce an gama. Saboda haka gardamar a bari ko a hana ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne a san wanda zai tantance abin da na'urar ta faɗa kafin ya hau allo, kuma a Borno wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A farkon 2022 wani kwamiti da Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa ya miƙa sakamakon gwajin da ya yi wa malaman firamare 17,229 a ƙananan hukumomi 27 na jihar. Mutum 5,439 kaɗai aka samu sun cancanci koyarwa. An ce 7,975 ba su kai ba amma horo zai gyara su, saura 3,815 kuwa kwamitin ya ce horon ma ba zai yi musu amfani ba. Bai dace a karanta wannan lissafi da izgili ba. A 2017 UNICEF ta bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai sama da 2,295 a arewa maso gabas, an kuma raba wasu 19,000 da muhallansu. Sana'ar da aka yi wa irin wannan ɓarna ba ta farfaɗowa a shekara biyar. Amma alƙaluman suna gaya mana irin hannun da na'urar za ta faɗa. Malamin da ya san fanninsa zai karɓi darasin da aka tsara masa, ya ga kuskure ya goge, ya cire misalin da bai dace da yaran unguwarsu ba, ya samu sararin duba littattafan ɗalibai. Wanda bai san fannin ba zai kwafe komai yadda ya zo, kuma yaran aji guda za su haddace kuskuren su kai shi ɗakin jarrabawa.

Kuskuren kuwa ba tsautsayi ba ne, daga yadda aka gina abin yake. Waɗannan manhajoji sun koyi magana ne daga tarin rubuce-rubucen intanet, kuma aikinsu shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Inda rubutu ya yi yawa, kamar nahawun Turanci ko lissafin sakandare, sukan yi daidai. Inda ya yi ƙaranci, sai su cike giɓin da ƙage, da murya ɗaya da wadda suke faɗin gaskiya da ita. Tarihin Mai Idris Alooma, ko yadda mulki ya koma gidan Shehu al-Kanemi, ko zuwan Rabeh, duk suna cikin abubuwan da malami ya kamata ya buɗe littafi ya gwada kafin ya yarda. Haka batun harshe. Yaron Maiduguri yakan tashi da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Babur ko Marghi a gida, ya tsinci Hausa a titi, ya haɗu da Turanci a aji. Manhajojin sun fi ƙarfi a harshen da yaron ya fi rauni a cikinsa. Hausarsu tana tafiya, ko da yake sau da yawa Turanci ne sanye da riga. Ko manhajar N-ATLAS, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2025, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya ta fara, babu Kanuri. Malami ne kaɗai zai sauke bayanin zuwa harshen da yaro ke tunani da shi.

Masu ganin a miƙa wa ɗalibai na'urar kai tsaye suna da hujja mai ƙarfi, kuma daga cikin ƙasar nan take. A tsakiyar 2024 Bankin Duniya ya yi gwajin mako shida a makarantun gwamnati na birnin Benin a jihar Edo, inda ɗaliban ajin farko na babbar sakandare suka riƙa koyon Turanci bayan tashi daga makaranta da Microsoft Copilot. Masu binciken sun ce ci gaban da aka samu ya yi daidai da na kusan shekara biyu na karatun da aka saba. Sai dai duk wanda ya duba yadda aka yi gwajin zai ga malamai na tsaye a kan yaran, su ke buɗe darasi, su ke lura da ƙagen na'ura, a ɗakunan da ke da kwamfutoci. Ke nan abin da Edo ta gwada shi ne na'ura tare da malamin da aka horar. Ɗalibanta kuma matasa ne; UNESCO a 2023 ta ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji, wanda ya fitar da kusan duk 'yan firamare.

Wasu kuma za su ce wace irin basira ake magana a kanta a garin da ya kwana cikin duhu wata da watanni bayan an fasa turakun lantarkin hanyar Damaturu a Janairun 2021, garin da ambaliyar madatsar Alau ta mayar da makarantunsa sansanin 'yan gudun hijira a Satumban 2024. Gaskiyarsu, kuma wannan ma dalili ne na fara wa da malami. Sayen kwamfuta ga kowane yaro yana buƙatar wuta da gyara da mai gadi, alhali wayar malami caji ɗaya take so, darasin kuma da alli zai isa ga yara. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi ya sayi data daga albashin da da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata.

Tsoron cewa malamai za su zama ragwaye ya fi kowanne yawo a baki, amma kwafar tsohon littafin darasi na wani ta girmi wayar salula nesa. Maganinta bai canja ba: hedimasta ya karanta kafin ya sa hannu, ya kuma tambayi malami ya warware misali ɗaya a gabansa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim su ne suka dace su ɗauki aikin, su fara da mutum 7,975 ɗin nan da aka ce horo zai gyara. A koya musu su tambayi na'urar ta bayyana musu abin da ya shige musu duhu a fanninsu, wanda da yawa za su ji nauyin tambayar abokin aiki, sannan su gwada amsar da littafin da gwamnati ta amince da shi. A kuma ja musu kunne a kan sirrin yara. Manyan makarantun da gwamnatin tsohon Gwamna Kashim Shettima ta gina an yi su ne musamman domin marayun rikici, kuma bai halatta malami ya zuba sunan maraya da labarin yadda iyayensa suka rasu cikin manhajar wani kamfani na ƙetare don kawai a rubuta masa rahoton ƙarshen zango ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi makarantu kamar yadda ta shafi bankuna, kuma ya kamata hakan ya kasance cikin darasin farko da za a ba malaman.